Shehun Malamin Da Ya Bi Diddigin Masaƙun Kaduna Da Kano

LAFIYA: A 'yan shekarun nan Jihar Nasarawa ta shiga sahun jihohin da manyan kamfanoni ke neman wurin zama a cikinsu. Kamfanin Olam yana da gonar shinkafa a Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma, inda aka buɗe injin casa a 2014. Kamfanin sukari na Dangote ya kama fili a Tunga ta ƙaramar hukumar Awe, sa'an nan a 2024 aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam a jihar. Duk inda jari irin wannan ya sauka, ɗaruruwan mutane kan bar gona ko tebur a kasuwa su koma masu jiran albashi, daga nan kuwa sai wata tambaya ta taso wadda ba a cika yinta ranar yanka kirtani ba, watau wa zai yi magana da yawun ma'aikata, kuma da wa mai masana'anta zai zauna ran da aka sami saɓani?

Arewacin Nijeriya ya taɓa fuskantar wannan tambaya a masaƙun Kaduna da Kano, kuma an sami malamin jami'a da ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa wajen nazarin amsar da aka ba ta. Shi ne Farfesa Bjorn Beckman, mutumin ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1938, ya koyar a Sashen Kimiyyar Siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1978 zuwa 1987, ya kuma rasu a watan Nuwamba na 2019. Galibin bincikensa a kan Nijeriya ya yi shi ne tare da mai ɗakinsa, Dokta Gunilla Andrae, masaniyar yadda masana'antu ke bazuwa a ƙasa. Abin da suka gano bai yi wa masu masana'antu daɗin ji ba a farko, haka nan bai yi daidai da abin da 'yan gurguzun jami'a suka saba faɗi ba.

Ba da ma'aikatan masana'anta Beckman ya fara ba. A ƙarshen shekarun 1960 ya zauna a ƙasar Gana, jim kaɗan bayan hamɓarar da Kwame Nkrumah a 1966, inda ya yi nazarin ƙungiyar manoman koko da jam'iyyar Nkrumah ta kafa. Binciken, wanda ya zama kundin digirinsa na dokta kuma aka buga shi a birnin Uppsala a 1976, ya nuna yadda ƙungiyar da aka kafa da sunan manoma ta rikiɗe ta zama ita kaɗai ke sayen koko, ta koma hannun da gwamnati ke tatsar manomi da shi. Tun daga nan tambayar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa ta kafu: yaushe ƙungiya ke zama ta 'ya'yanta, yaushe kuma take zama sandar duka a hannun wani?

Zariya A Zamanin Muhawara

Zariyar da ya tarar a 1978 tana tafasa da muhawara. A Sashen Tarihi akwai Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Mahmud Tukur, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa. A Sashen Nazarin Zaman Jama'a akwai Dokta Patrick Wilmot, wanda gwamnatin Babangida ta kora daga ƙasar a 1988. Daga baya kuma Dokta Yusuf Bangura, ɗan ƙasar Saliyo, ya zama abokin aikin Beckman a sashensu, suka yi rubutu tare a kan ma'aikata da matsin tattalin arziki. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masu neman sauyi a lokacin shi ne cewa attajirin Nijeriya ɗan kamasho ne kurum, dillalin Turawa, kuma masana'antun ƙasar hoto ne, domin kwalba da kwali kawai ake harhaɗawa.

Beckman bai yarda da wannan ba. A wasu maƙalu da ya buga a 1981 da 1982 a wata mujallar nazarin siyasa da tattalin arzikin Afirka da ke fitowa a Ingila, ya kawo hujjar cewa jari na gaske yana taruwa a Nijeriya, gwamnati kuwa tana yi wa jarin gida da na waje hidima a lokaci guda, tana haɗa su aure ta hanyar dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977. In kuwa masana'antun na gaske ne, to ma'aikatansu ma na gaske ne, ya kamata a je a gan su a bakin inji maimakon a yi ta zancensu a ɗakin lacca. Wannan shi ne abin da ya raba shi da da yawa daga cikin abokan muhawararsa.

Zaman bai kasance na lumana kullum ba. A watan Mayu na 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a harabar jami'ar, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta shirya zanga-zangar nuna alhini a watan Yuni, gwamnati ta kama shugabanninta, kwamitin binciken da Janar Abisoye ya jagoranta kuma ya ɗora laifi a kan malaman da aka ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Shekara guda bayan haka Beckman ya koma Jami'ar Stockholm.

Kafin ya tafi, shi da Andrae sun fitar da littattafai biyu da suka shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Na farko, The Wheat Trap, watau tarkon alkama, ya fito a 1985. A ciki sun bi burodi tun daga jiragen ruwan da ke kawo alkamar Amurka zuwa injinan niƙa na Apapa, har zuwa gidajen burodi da teburan masu shayi, suka nuna yadda ƙasar da ke shigo da alkama fiye da tan miliyan ɗaya a shekara ta narka dukiya a manyan ayyukan noman rani na Bakolori da Kadawa da kudancin Tafkin Chadi, da fatan noma alkamar da yanayin ƙasar bai ba ta damar yin araha ba. Gwamnati ta hana shigo da alkama daga watan Janairu na 1987, fulawa ta koma shigowa ta ɓarauniyar hanya, aka ɗage hanin a ƙarshen 1992. Na biyun, Industry Goes Farming, ya fito a 1987, kuma ya duba yadda masaƙu, da kuɗin musaya ya gagare su, suka shiga noman auduga da kansu ko ta hanyar ba manoma iri da taki bisa yarjejeniyar sayen amfanin. Mai karatu a Doma ko Awe zai ga cewa tsarin da ake yi masa talla a yau kamar sabo ya haura shekara 35 ana gwada shi.

Neman auduga ne ya kai su ƙofar masaƙa, daga ƙofar kuwa suka shiga ciki.

Ƙungiya Mai Ƙarfi A Lokacin Tsanani

Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957 bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai UNTL ta attajiran Hong Kong a 1964, sai Arewa Textiles mai jarin Japanawa. Kafin a ce me, Kakuri ta zama babbar cibiyar saƙa, ta jawo samari masu takardar firamare da sakandare daga kudancin Kaduna da Binuwai da Filato, wadda a wancan zamani Lafiya da Akwanga da Keffi ke cikinta. A Kano kuwa masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun fi zama na iyalai: Kwarori da Indiyawa da attajiran gari, irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 kusan kowace masana'anta da 'yar ƙungiyarta ta cikin gida, marar kuɗi, wadda manaja kan iya saye shugabanta ko ya kore shi. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta narkar da ƙungiyoyi kusan dubu ta mayar da su 42, kowace sana'a da tata, ƙarƙashin uwa guda, watau NLC, wadda Alhaji Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Dokar ta wajabta wa mai masana'anta ya amince da ƙungiya, ya kuma yanki kuɗin ƙungiya daga albashi ya miƙa mata. Nufin soja shi ne su ɗaure ƙwadago da igiya ɗaya mai sauƙin ja. Abin da ya faru a masaƙu dabam ne. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki, mai hedkwata a Kaduna, ta sami kuɗin shiga tabbatacce, ta ɗauki jami'ai na dindindin masu motar zagaya masana'antu, waɗanda ba manajan da ke iya korarsu domin ba shi ke biyansu ba. A 1982 Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles da ya yi karatun ƙwadago a Kwalejin Ruskin ta Oxford, ya zama babban sakatarenta. Su ma masu masaƙun suka kafa tasu ƙungiyar, aka riƙa ƙulla yarjejeniya guda da ta shafi sana'ar baki ɗaya.

Sai tsanani ya zo. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, lasisin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu, masaƙu suka rasa auduga da sinadaran rini da kayan gyaran inji. Aka hana ƙarin albashi, aka sallami dubun-dubatar ma'aikata. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin gyaran komaɗar tattalin arziki, naira ta sauka daga kusan ɗaya ga dala a 1985 zuwa wajen 4 a 1987, ta haura 17 a 1992. A Ingila da Amurka, a daidai waɗannan shekaru, irin wannan matsi ya karya ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago, saboda haka kowa ya zaci haka za ta kasance a Kakuri.

Littafin da Andrae da Beckman suka fitar a 1998, Union Power in the Nigerian Textile Industry, wanda aka buga a Uppsala kuma aka fitar da shi a Kano, ya nuna akasin haka. Bayan shekaru fiye da goma suna hira da manajoji da shugabannin rassa da leburori, suna kuma tonon fayilolin ƙungiya da rahotannin jami'anta na shiyya, sun iske cewa ikon ƙungiyar ƙaruwa ya yi a cikin tsananin. Ta shiga masana'antun da a da suka rufe mata ƙofa. Ta sa an daina korar mutum da baki sai an bi matakan gargaɗi da sauraron bahasi. A shekarun da doka ta hana taɓa gundarin albashi, ta bi ta gefe ta samo ƙari a alawus na gida da na mota da na abinci da garatuti, da aka sake ba da damar ciniki a 1988 kuwa ta shiga gaba wajen samo ƙarin da ya zarce na sana'o'i da dama.

Dalilin da suka bayar shi ne ya fi dacewa ɗan kasuwa ya tsaya a kansa. Masaƙar da ke son ta rayu a wancan lokaci tilas ta rage mutane, ta sauya awoyin aiki, ta ɗora wa masaƙi ɗaya injuna fiye da na da, ta kuma kyautata ƙyallenta. Ba manajan da zai iya wannan da tsawa kaɗai, domin ma'aikacin Kakuri ba bawa ba ne: yana da karatu, yana da gona a ƙauye ko 'yar sana'a a gefe, kuma tun yajin aikin Adebo na 1971 da na Udoji na 1975 ya san yadda ake tsayar da inji. Manaja na bukatar wanda zai yi alkawari da sunan mutum dubu uku, alkawarin kuma ya tabbata. Ƙungiya ce kaɗai ke iya wannan, amma ba za ta iya ba sai ma'aikata sun yarda tasu ce. Ashe ƙungiyar da manaja ya saye ba ta da amfani ko ga shi manajan, tunda ran da wuta ta tashi ba mai jin maganarta.

Marubutan ba su ɓoye cewa wannan yarda a kan siraɗi take ba. A watan Janairu na 1984 rikici ya ɓarke a KTL a kan hutun dole da rage albashi, ma'aikata suka fantsama kan titi, 'yan sanda suka tarwatsa su, sai da ƙungiya ta shiga tsakani aka sami mafitar da ta bar masaƙar a buɗe. A watan Mayu na 1993 kuwa kan ƙungiyar ce kanta abin ya faɗa, sa'ad da ma'aikatan da suka fusata da wani kaso da ta yanka daga ƙarin da ta samo musu suka far wa hedkwatarta a Kaduna suka yi ɓarna. A fahimtar Beckman, wannan barazana daga ƙasa ita ce ke hana shugabanni yin barci, ita ce kuma ke ba su abin nunawa a teburin ciniki.

Kano Ba Kaduna Ba Ce

Babin da ya fi jan hankalin masu nazari shi ne na kwatanta biranen biyu. Doka ɗaya ce, ƙungiya ɗaya ce, matsin ma ɗaya ne, amma zaman ma'aikaci da mai masana'anta ya bambanta. A Kaduna, garin gwamnati da soja da manyan kamfanoni, mai masaƙa hukuma ce ko kamfanin ƙetare, manaja kuwa shi ma ɗan albashi ne, saboda haka takarda da ƙa'ida suka yi tasiri. A Kano, inda masana'anta ta tsiro daga cikin fatauci, tsarin ubangida da yaronsa ya bi mutane har bakin inji: ana ɗaukar ma'aikaci ta hannun wani, ana taimakonsa ran suna ko rashin lafiya bisa ganin dama, ana kuma ɗaukar shiga ƙungiya tamkar butulci. Nan ƙungiyar ta sha wuya, ta yi shekaru tana fafutukar a amince da ita masana'anta bayan masana'anta, ko da yake marubutan sun nuna cewa sannu a hankali ta yi ta samun shiga, musamman a masaƙun da suka girma suka sayi injuna masu tsada. Wani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya riga ya nuna a littafinsa na 1986 a kan leburorin Kano yadda tarbiyyar almajirci da ra'ayin adalci na Musulunci suka shiga cikin yadda ma'aikacin Kano ke auna ubangidansa.

A nan ya kamata a yi wa tsarin ubangida adalci, abin da masu nazarin ƙwadago ba su cika yi ba. Tsari ne da ya riƙe fataucin goro da fata da gyaɗa shekaru aru-aru, kuma a shagon mutum goma har gobe ya fi kowace takarda aiki. Inda yake gazawa shi ne inda mutane suka kai ɗari biyar, ubangida bai san sunayensu ba, alherinsa kuma sai ya bi ta hannun fomanoni kafin ya iso ƙasa. A nan ne kyauta ke zama son kai a idon wanda bai samu ba. Galibin 'yan kasuwar Lafiya da ke shirin tashi daga sayen riɗi da doya da gyaɗa zuwa kafa injin sarrafa su, daga wannan tsari suka fito, kuma a wannan gaɓa ce za su iske kansu.

Komawar Beckman Stockholm ba ta yanke shi da Nijeriya ba. Ya zama farfesa a can, ya tara ɗalibai masu nazarin siyasar ƙasashe masu tasowa, ya kuma riƙa zuwa Kano da Kaduna a kai a kai, yana aiki da Cibiyar Bincike da Adana Bayanai ta Kano. A 1995 shi da Dokta Attahiru Jega, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i daga 1988 zuwa 1994, suka rubuta maƙala a kan rawar da malamai da ɗalibai suka taka wajen neman dimokuraɗiyya a ƙarƙashin soja. Hujjarsa a wannan fanni ita ce, ƙungiyoyin da ke kare albashi da sharuɗɗan aiki, ko da ba su ambaci siyasa ba, suna koya wa mutane zaɓe da bin tsarin mulki da tuhumar shugaba, a daidai lokacin da soja suka rushe shugabancin NLC har sau biyu, a 1988 da 1994. A 2010 ya haɗu da Sakhela Buhlungu na Afirka ta Kudu da Lloyd Sachikonye na Zimbabuwe suka shirya littafi a kan dangantakar ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun siyasa a Afirka. A lokacin Oshiomhole ya riga ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, ya kuma zama gwamnan Jihar Edo a 2008.

Sai dai tarihi bai yi wa littafin 1998 sassauci ba. Yana fitowa masaƙun suka fara mutuwa. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage hanin shigo da yadi a 1997, yarjejeniyar da ke taƙaita yadin Asiya a kasuwannin duniya ta ƙare a farkon 2005, atamfar ƙasar Sin mai kwaikwayon zanen gida ta malalo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi ta, UNTL ta tsayar da aiki a Kaduna a 2007. Asusun naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta ware ta hannun Bankin Masana'antu a wajajen 2010 bai dawo da sana'ar yadda take a da ba.

Akwai masu cewa tsadar ma'aikata ce ta kashe masaƙun, wato ƙungiyar ta ci nasara har ta cinye gidan. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba, domin masaƙun Kano da suka fi kowa ƙin ƙungiya ba su tsira ba, rana ɗaya ta dake su da na Kakuri. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, abin da Beckman ya yaba yana da iyaka. Kyakkyawan zama tsakanin manaja da ma'aikaci ya taimaki masaƙu suka haye tsananin shekarun 1980, amma ba shi da iko a kan kwastan ko hukumar lantarki ko farashin yadin Sin. Littafin ya fi ƙarfi wajen bayyana abin da ke faruwa cikin katangar masana'anta fiye da hango abin da ke tahowa daga wajenta. Su kansu marubutan sun bi ƙungiyar zuwa inda ta koma: rubuce-rubucensu na ƙarshe a kan teloli ne na Kaduna da Legas, waɗanda ƙungiyar ta shiga jawowa cikinta bayan da 'ya'yanta na masana'anta suka ƙare, da kuma wuyar haɗa mai shagon kansa da ɗan albashi a inuwa guda.

Dokokin da mai kafa masana'anta a Nasarawa zai tarar a yau sun bambanta da na 1978. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ya kuma kawar da matsayin NLC na uwa ɗaya tilo. Amma nauyin da ke kan mai ɗaukar aiki ƙaruwa ya yi. Dokar ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a kan kamfani, dokar fansho ta 2014 ta sa kamfani ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8, mafi ƙarancin albashi kuwa ya koma naira 70,000 a 2024, ko da yake an keɓe wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ta sami matsayin babbar kotu a gyaran tsarin mulki na 2010, kuma ita kaɗai ke sauraron shari'un aiki.

Hanyar da kamfanoni da yawa a ƙasar nan suka bi don kauce wa wannan nauyi ita ce ɗaukar leburorin wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, a biya su kullum ko mako-mako, ba takarda ba ƙungiya. A lissafin wata guda abin yana da araha. Amma wanda ya karanta labarin Kakuri zai lura cewa wannan dabara tana kawar da mutumin da za a zauna da shi ne kurum, ba ta kawar da saɓanin ba. A gonar rake ko ramin ma'adini, inda ma'aikacin sau da yawa ɗan ƙauyen da aka karɓi filinsa ne, rigimar albashi ba ta daɗewa take komawa rigimar ƙasa da ƙabila, ta tashi daga ofishin manaja ta koma fadar hakimi ko kan hanyar da motocin kamfani ke bi. Beckman ya ga irin wannan tun a Bakolori, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka kashe manoma a watan Afrilu na 1980, ya kuma yi rubutu a kansa.

Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro ran 1 ga Oktoba, 1996, tana da jami'ar jiha a Keffi da ta tarayya a Lafiya, masana'antun da za a yi nazarinsu kuwa yanzu suke tasowa, lokacin da ya fi dacewa a fara tara bayanai a kansu kamar yadda aka yi wa masaƙu. Tana kuma da alaƙa da tsohon labarin ta wata fuska: KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, Nasarawa na cikinsu, kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙar sun shafe shekaru bayan rufe ta a 2002 suna bin gwamnonin Arewa bashin haƙƙoƙinsu na sallama, da yawansu har suka rasu ba su karɓa ba.